Laimar hasken rana da tsofaffin taurarin Najeriya: darasi ga arewacin Zamfara

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, faranten sola ne ke cajin wayoyi da jawo ruwan burtsatse. A sararin samaniya kuwa, hasken rana kansa ne ke tura wasu kumbuna, ba tare da man tafiya ba.

Haske ba shi da nauyi, amma yana tunkuɗa duk abin da ya faɗa wa. Idan ya daki shimfiɗa mai ƙyalli kamar madubi ya koma baya, turin yakan ninka. Shi ya sa ake buɗe wa kumbo wata faffaɗar laima wadda ta fi gashin kai siranta. Turin da laima mai murabba'in mita 32 ke samu kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ne, sai dai ba ya yankewa muddin akwai haske, kuma a hankali gudu yake taruwa.

Japan ta tabbatar da hakan da kumbon IKAROS a 2010. A 2019 ƙungiyar Planetary Society ta Amurka ta harba LightSail 2, bayan tara kimanin dala miliyan 7 daga gudummawar jama'a.

Abin da ya haɗa wannan da Zamfara shi ne tsawon rayuwar taurarin ɗan'adam, wadda man da suka ɗauka ke cikin abubuwan da ke iyakance ta. Sa ido kan dazukan da 'yan bindiga ke fakewa a Zurmi da Shinkafi yana buƙatar sabbin hotuna daga sama. NigeriaSat-2 mai ɗaukar hoto an harba shi ne a watan Agustan 2011, aka tsara masa shekara 7.

Sai dai laimar ba za ta cike wannan giɓin ba. Taurarin ɗaukar hoto suna shawagi kusa da duniya, inda ragowar iska ke riƙe faffaɗan abu. Ita ce ta jawo LightSail 2 ƙasa ya ƙone a Nuwamban 2022.

Darasin yana wajen kuɗi da niyya. Injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa NigeriaSat-X a Ingila, don haka akwai gwanaye. Tambayar da ya kamata 'yan majalisar yankin su yi wa hukumar NASRDA ita ce: yaushe za a maye gurbin taurarin 2011, kuma hotunansu suna isa hannun jami'an tsaron Zurmi?