Gadojinmu a Ƙasar Gumel: Ruwan Kwaɓi Ya Yi Yawa, Ban-Ruwa Ya Yi Kaɗan

Duk mai bin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis ya san irin nauyin da tirelolin shanu ke ɗora wa titi. Babu manyan koguna a wannan yanki, amma daga Ɗanzomo zuwa Gagarawa ƙananan gadoji da kwalbatoci ne ke riƙe da zirga-zirgar jama'a da damina. Idan samansu ya tsattsage, nan take mukan ce ɗan kwangila ya rage siminti. A ganina, sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

A Amurka, gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara ne ke cinye rodin gada, shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1950 suka fara yi wa gadoji sabuwar shimfiɗa ta kankare mai haɗe da ruwan roba. Mu kuwa abokan gābarmu zafin bazara ne da iskar hunturu. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwaɓi na saurin daskarewa, sai lebura ya ƙara masa bokitin ruwa don ya yi laushi. Ba mugunta ba ce, neman sauƙin aiki ne. To amma idan wannan rarar ruwa ta bushe, ƙananan ramuka take bari a cikin kankaren. Ta nan ruwan sama da iska ke bi su iske rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Akwai sinadarin da ke tausasa kwaɓi ba tare da ƙarin ruwa ba, ta yadda buhun siminti mai kilo 50 ba zai sha fiye da lita 20 zuwa 22 ba. Akwai kuma mai jinkirta daskarewa. Hatta ƙaiƙayin shinkafar da ake tarawa tsibi-tsibi a kwarin Haɗeja, idan aka ƙona shi bisa ƙa'ida aka niƙa tokar, tana maye gurbin wani kaso na siminti, tana toshe waɗannan ramuka.

Sai dai sinadari ba ya ɗauke wa kowa ban-ruwa. Sabon kankare na bukatar danshi na aƙalla kwana 7, kuma a ƙasar da ruwa sai da tanka, wannan ne abu na farko da ake yi wa ƙwange.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Jigawa da hukumar FERMA da su rubuta nau'in sinadari, da adadin ruwa, da kwanakin ban-ruwa ɓaro-ɓaro a takardar kwangila, a ware wa kowanne kuɗinsa. Kada kuma a biya kashin ƙarshe sai injiniya ya sa hannu a kan sakamakon gwajin kwana 28.