Gyaran Gangar Auzinawa A Kan Tsofaffin Bindigogi

A ƙasar Ingila akwai gidajen maƙera waɗanda suka shahara wajen ƙera bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu. Gidan Purdey an kafa shi a London cikin 1814, na Westley Richards kuwa a Birmingham cikin 1812. Bindigogin da suka ƙera tun zamanin kakanni har yanzu suna nan, masu hali na ribibinsu a wurin gwanjo. To, inda kuɗi ya taru, nan masu algus ke taruwa. Da su nake yau.

Abin da suke yi ke nan. Dillali ya sami tsohuwar bindiga wadda ta sha hannu, sai ya kai ta a goge ƙarfenta, a baƙanta bututunta, a sake tsaga zanen katakon, a shafe shi da mai. Sa'an nan ya ce da mai saye, ai ga ta yadda ta fito daga maƙera. Wannan ƙarya ce, kuma ɓarna ce. Zanen da gwani ya sassaƙa a jikin ƙarfe da hannu yana da kaifi. In aka goge shi sai ya dushe. Launin nan mai kama da bakan gizo da ke jikin gidan kunama, da garwashin ƙashi ake fitar da shi, a tsoma ƙarfen cikin ruwa yana ja wur. Yakan koɗe da shekaru, koɗewar kuwa ita ce shaidar tsufa. Wanda ya sake gasa shi don ya yi ƙyalli yana iya tanƙware ƙarfen ko ya tsaga shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Amma wannan duk asarar dukiya ce. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa cikin bututu. Idan tsatsa ta ci shi, sai a kankare har ya yi sumul kamar madubi, mai saye ya leƙa ya yi murna, bai san ƙarfen ya sirance ba. Bututun da ya sirance kuwa, ran da ya fashe, da yatsun mai harbi yakan tafi. Saboda haka ne aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham cikin 1813, akwai kuma wani a London wanda ya girme shi. Can ake ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙima a harba, in ta jure a buga mata hatimi tare da faɗin raminta. Bisa ƙa'idar 1954, in ramin ya ƙaru da kashi 10 cikin 1,000 na inci, hatimin ya mutu, sayar da ita kuma laifi ne a Ingila sai an sake gwada ta.

Wani zai ce, ashe kada a gyara kome? Ban ce ba. Akwai masu tara bindigogi, musamman a Amurka, waɗanda ke ƙyamar ko da ƙusa ɗaya sabuwa, kuma ina ganin sun wuce gona da iri. Bindiga don aiki aka yi ta. Akwai gyaran da ake yanke ruɓaɓɓen bututu a bar gindinsa, a zura sabo a ciki, a kai gidan gwaji, su buga alama mai nuna an yi haka. Kuɗinta yakan ragu ƙwarai, amma ba a cuci kowa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Laifin yana ga wanda ya goge alamar, ko ya rufe layin haɗin da baƙi, ya yi shiru.

Mai saye ma yana da nasa alhakin, gama ƙyalli yake bi. Ya dubi lambar da ke jikin bututu da gidan kunama da ƙarfen katakon gaba, ya ga ko ɗaya ce. Ya sa a auna kaurin ƙarfen da ma'auni, kada ya dogara ga ido. Gidan Purdey suna riƙe da littattafansu na dā, inda aka rubuta lambar kowace bindiga da tsawon bututunta da wanda aka ƙera wa. In littafi ya ce inci 30, awo ya ba da 28, to an yanke ta, ko da dillali ya rantse.