Ƙidaya da Allurar Ƙannenmu

Da yawanmu idan aka ce ƙidaya, rabon kuɗi da kujerun majalisa muke tunawa. Amma akwai wadda ta fi ɗan siyasa buƙatar wannan adadi: ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta unguwarmu.

Kafin a aiko mata da allurar ƙyanda, sai an san jarirai nawa ke yankinta. Ma'aikatan lafiya a Najeriya sukan ɗauki kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 kuma 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mu ɗauko biro. A ce takarda ta nuna mazaɓarmu na da mutum 10,000, jarirai 400 ke nan. To, idan an yi sababbin unguwanni, baƙi sun tare, jama'a ta kai 15,000 fa? Jarirai 600 ne, allura kuwa ta 400 aka kawo. A yi wa 400, rahoto ya ce an gama da kowa, alhali 200 na goye a bayan iyayensu babu rigakafi. Ƙyanda kuwa ba ta karanta rahoto.

Haka ma idan annoba ta ɓarke. Mutum 50 masu sanƙarau a ƙauye mai mutum 1,000, ɗaya cikin 20 ke nan. A gari mai mutum 100,000 kuwa, ɗaya cikin 2,000 ne. Sai da yawan jama'a ake gane inda za a fara tura likitoci.

Ga inda gizo ke saƙa. An ƙidaya mu a watan Maris na 2006, aka samu mutum miliyan 140 da ɗoriya, Kano kaɗai sama da miliyan 9. Yawancinku ba a haife ku ba a lokacin. Wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Tun 2006 ɗin, ƙiyasi ake ɗorawa a kan tsohon adadi.

Mu ma muna da namu aikin. Mu tuna wa Baba da Mama su karɓar wa ƙannenmu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ranar da malaman ƙidaya suka yi sallama, kada mu ɓoye jariri, kada kuma mu ƙara wanda babu. Wanda ba a ƙirga ba, ba a ware masa allura.

Sai mako na gaba.