Akwatin da Ke Haɗiye Magana

Kwanakin baya ɗan yayata ya ɗauke ni a motarsa daga Aboabo zuwa ɗaurin aure a Obuasi. Tun kafin mu fita Kumasi yake ta yabon sabon kayan sautin da aka haɗa masa a Suame Magazine: wani ƙaton akwati ya cinye rabin but, da sifika mai faɗin inci 12 a cikinsa, irin wadda masu sana'ar ke kira wufa. Na ce masa, "To ɗana, sa mana Shata mu ji." Ya sa. Madubi ya kama rawa, kujera ta yi ta dukan bayana, amma abin da Alhaji Mamman Shata ke faɗa sai da na kasa kunne kamar mai laɓe a bayan ɗaki. 'Yarsa da ke zaune a baya, kusa da akwatin, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba.

Ra'ayina a nan shi ne, Bahaushen zango da zai kashe kuɗi a kan sautin mota ya fara da muryar mutum, gurnani ya biyo baya. A Kano ko Zinder yaro na jin Hausa a kasuwa da makaranta da bakin titi. A nan kuwa makaranta Turanci ce, titi na Twi ne, wayar hannu kuma kowa ya san abin da ke cikinta. Wuraren da yaro zai zauna sa'a guda yana jin Hausa zalla sun ƙaranta, kuma motar gida na ɗaya daga cikinsu. Yawancin yaranmu sun riga sun daina bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, a furucinsu. Ban ɗora laifin haka a kan akwatin sauti ba, Hausar zango ta daɗe da kama hanyarta. Amma ban ga dalilin da mutum zai sayi abin da zai ƙara toshe ɗan abin da ya rage ba.

Sauti girgizar iska ne, kuma ana ƙirga yawan girgizar a daƙiƙa guda da ma'aunin Hz. Wufa aikinta na can ƙasa, daga wajen 80 zuwa abin da bai kai haka ba, inda jiki ke jin sauti fiye da kunne. Muryar mutum ta fi haka tashi, kuma abin da ke fayyace baƙaƙe, ya raba wannan harafi da wancan, yana can sama tsakanin 2,000 da 4,000. Masu nazarin ji sun daɗe da tabbatar da cewa ƙaƙƙarfan sauti na ƙasa ya fi iya rufe na sama, fiye da yadda na sama ke rufe na ƙasa. Shi ya sa da wufa ta yi yawa, baƙaƙe ne ke fara ɓacewa. Waƙarmu ta gargajiya kuwa magana ce aka ɗora a kan kiɗa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, ba shi da abin da zai ba wufa ta ci. Kalangu kansa kwaikwayon hawa da saukar murya yake yi, a tsakiyar sauti yake zaune. Haka tafsiri, haka labaran rediyo.

Don haka kuɗin farko na sifikun ƙofofin gaba ne. A nemi masu inci shida da rabi idan ramin ƙofar ya karɓa, waɗanda ƙaramar sifikarsu ta siririn sauti, tiwita, take zuwa a ware. Dalili shi ne siririn sauti miƙewa yake yi kamar hasken tocila. In ya fito daga gindin ƙofa, idon sawu yake haskawa. Idan aka ɗaga tiwita zuwa gefen gilashin gaba, sai a ji mawaƙi kamar yana zaune a kan dashbod. A kuma sa a liƙe ƙarfen ƙofar da abin hana kaɗawa, domin ƙofar da ke karkarwa tana ɓata sifika ko da ta fi kowace tsada.

A kasuwa, ko Abossey Okai ko Suame, za a nuna maka kwali da aka rubuta wat 1,000 da manyan lambobi. Wannan ƙarfin ƙiftawar ido ne. A duba ƙaramin rubutun da ke ɗauke da haruffan RMS, shi ne abin da sifikar za ta jure a kai a kai, kuma sau da yawa bai kai rabin na farko ba. Da shi ake daidaita sifika da amfilifaya. Akwai kuma lambar da ba a cika kulawa da ita ba, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya: wadda ta fi 'yar'uwarta da desibel 3, rabin wuta take bukata ta yi ƙara iri ɗaya.

Sai akwatin, inda gardamata da ɗan yayata ta fi zafi. Iri biyu aka fi sani. Akwai rufaffe ruf, wanda iskar da ke ciki ke riƙe bayan sifikar kamar sifirin. Edgar Villchur ne ya yaɗa wannan tsari a Amurka daga 1954. Akwai kuma mai rami ko bututu, wanda ake aunawa don ya ƙara ƙarfi a wani zaɓaɓɓen sauti, galibi tsakanin 30 da 40. Mai rami ya fi ƙara da wuta iri ɗaya, wannan ba musu, kuma shi ya sa samari ke son sa. Sai dai lissafi yake so. Girman akwatin da faɗin ramin da tsawonsa duk sun dogara da halin ita sifikar, bisa ƙididdigar da injiniyoyi biyu, Thiele da Small, suka tsara a Ostareliya, wadda kamfanin kirki ke bugawa a takardar kaya. Wanda ya haɗa wa ɗan yayata nasa da ido ya auna, ya yanke rami daidai faɗin bututun ruwan da ya samu a shago. Abin da ya fito sauti ɗaya ne tak, kowace waƙa aka sa gurnani ɗaya, kamar babbar mota na ɗumama inji. Kuma a ƙasa da ma'aunin ramin, iska ba ta riƙe sifikar, sai ta yi ta lilo har ta yage.

Rufaffen akwati ya fi haƙuri da kuskure. Ga wufa mai inci 12, abin da ya kai lita 28 zuwa 35 yakan wadatar, da katakon MDF mai kaurin milimita 18, a bi kowace kusurwa da gam don kada iska ta tsira. Bugunsa gajere ne, yana tsayawa inda ganga ta tsaya. Ga shi kuma ya bar wa buhun shinkafa da kayan uwargida wuri a but, abin da mai iyali ba zai raina ba. Ni a ganina inci 10 ma ya ishi ƙaramar mota. A saita matacin amfilifaya a kan 80, don kada murya ta zubo cikin wufa ta yi kauri.

Ɗan yayata ya ce da ni, "Kawu, ai ganga ma a ƙirji ake jin ta." Gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗa ranar hawan sallah ya san haka, kuma waƙoƙin su Hamisu Breaker da Ali Jita an gina su da bugun ƙasa wanda sifikar ƙofa ba za ta iya fitarwa ba. Ban ce a bar wufa ba. Amma a fili ake kaɗa ganga, mota kuwa ɗan ɗaki ne mai rufaffen gilashi, kuma ɗakin kansa yana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi. Ƙa'idar kare ji a wuraren aiki ita ce desibel 85 na sa'a takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A 100 bai wuce minti 15 ba. Wanda ya fi kusa da akwatin shi ne yaron kujerar baya, wanda ba a tambaye shi ba.

Wuta ma tana da nata hakki. Amfilifaya mai wat 500 na gaske kan ja kusan amfiya 45 in an buɗe ta, ƙananan motoci da yawa kuma altanetarsu ba ta wuce 90 ba, ga fitilu ga na'urar sanyi. In ka ga fitila na lumshewa tare da kiɗa, motar ce ke kuka. Lallai a sa fiyus a kan babbar wayar, kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Na ɗan yayata babu shi sam, wayar tsirara take bin ƙarƙashin kafet.

A hanyar dawowa na sa ya tsaya a bakin titi ya rage wufa ƙwarai, ya maido da sauti gaba, muka sake sa Shata. Ba a jima ba yarinyar ta leƙo tsakanin kujeru tana tambayar ma'anar wata kalma da ta ji. Ubanta bai sani ba, ni na faɗa mata. Fiyus ɗin ya sa washegari. Akwatin dai har yanzu yana nan da raminsa, ya ce sai ya samu mai saye.