Mai Na'urar Zuciya da Motsa Jiki: Zaman Ɗaka Ba Shi Ne Kariya Ba

A al'adar jinya ta Bahaushe, hutu shi ne gatan farko da ake yi wa majinyaci. Da zarar an ce an dasa wa mutum na'ura a ƙirji, sai iyali su hana shi ko da ɗaukar buta. Niyyar kyakkyawa ce, amma ta saɓa wa manufar dashen. Ana sa na'urar ne domin mutum ya koma harkokinsa, kuma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Tarihi ya goyi bayan wannan ra'ayi. A shekarar 1958 aka fara dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin ɗan'adam, a ƙasar Suwidin. Wanda aka dasa wa, Arne Larsson, ya rayu har 2001. A Yunin 2021 Christian Eriksen ya faɗi a fili yayin wasan Denmak da Finlan, zuciyarsa ta tsaya. An dasa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya kuma koma buga ƙwallo a Ingila a 2022, bayan ƙa'idojin Italiya sun hana shi wasa a can. Wannan saɓani tsakanin ƙasashen biyu ya nuna cewa hukuncin yana buƙatar duba halin kowane mutum.

Na'urorin iri biyu ne, ko da yake a bakin jama'a duk "batirin zuciya" ake ce musu. Ta farko tana taimaka wa zuciya idan bugunta ya yi ƙasa. Ta biyu tana sa ido, idan bugun ya rikice ya wuce wani adadi da likita ya saita, sai ta saki lantarki ta maido da shi. Mai ta biyun dole ya san wannan adadi, ya riƙa tsayawa ƙasa da shi da bugu 10 zuwa 20 a minti, don kada na'urar ta ɗauki gudun zuciya na motsa jiki a matsayin cuta.

A makonni huɗu zuwa shida na farko akan hana ɗaga hannun ɓangaren da aka yi dashen sama da kafaɗa, da ɗaukar kaya masu nauyi, har wayoyin su kama jikin zuciya. Tafiya a ƙasa kuwa akan fara ta da wuri. Daga nan a ƙara sannu a hankali, ana nufin mintuna 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya iya magana yana cikin motsin. Jiri, ciwon ƙirji ko haki mai tsanani alama ce ta a tsaya a nemi likita.

Injin motsa jiki mai kwaikwayon tuƙin kwalekwale misali ne mai kyau na inda ake buƙatar lura. Yana aikatar da ƙafafu da baya ba tare da karo da kowa ba. Sai dai wayoyin na'urar sukan bi ta jijiyar da ke tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, kuma jan hannu da ƙarfi sau ɗaruruwa yana iya matse su har su lalace. Saboda haka a jira izinin likita, a sassauta nauyin jan, a bar ƙafafu su yi yawancin aikin, a kuma kiyaye kada sandar ta bugi wurin dashen.

Masu ganin hutu ya fi aminci suna da hujja: wayar da ta tsinke sai an sake aiki, kuma asibitocin da ke yin sa ba su da yawa a Arewa. Amma amsar wannan ita ce a zaɓi motsin da ya dace. Zaman dirshan yana raunana zuciyar da ake son karewa, yana kuma jawo ƙiba da hawan jini.

A nan ne masana Hausa ke da rawar takawa. Kaɗan ne daga cikin masu wannan na'ura a ƙasar Hausa za su hau injin tuƙi, amma da yawansu suna jan guga, suna daka, suna noma da fartanya, kuma duk kafaɗa ce ke maimaita aikin. Wasu kuma sun saba da dambe ko kokawa, waɗanda ya kamata a bari saboda duka a ƙirji. Shawarar da aka fassara kai tsaye daga takardun Turai ba za ta ambaci rijiya ko turmi ba. Ana buƙatar sunaye biyu tabbatattu ga na'urorin biyu, da bayanin da likita da masanin harshe za su tsara tare, domin matar da aka sallama daga asibiti ta san ranar da za ta sake ɗaukar taɓarya.