Conservative ta Birtaniya: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, tun daga ranar 4 ga Yulin 2024 da jam'iyyar Conservative ta 'yan mazan jiya ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba a Birtaniya, wasu 'ya'yanta suke ta rera waƙa ɗaya: wai sun faɗi ne saboda ba su tsananta ra'ayin riƙau ba, don haka magani shi ne su kwaikwayi Nigel Farage da jam'iyyarsa ta Reform, ko ma su haɗe da shi. Ni dai na ce wannan magana ce ta wanda bai san abin da ya kashe masa kasuwa ba.

Mu fara da lissafi. A zaɓen 2019 sun ci kujeru 365 a majalisa, a 2024 suka tsira da 121. Leba ta haura 400, Liberal Democrat ta samu 72, ita kuwa Reform ƙuri'unta sun haura miliyan 4 amma kujeru 5 kacal ta ci. Masu cewa a bi Farage ƙuri'un nan miliyan 4 kaɗai suke hange. To, waɗanda suka gudu ta ɗaya ƙofar fa? Witney, tsohuwar mazaɓar David Cameron, Liberal Democrat ce ta ɗauke ta. Maidenhead ta Theresa May ma haka. Mutanen waɗannan wurare masu rufin asiri ne da suka gaji da hayaniya, kuma ƙarin ihu ba zai dawo da su ba.

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa idan ka tauye mudu, ranar da mai saye ya gane ka, ka rasa shi ke nan, ko da ka fi kowa iya talla. Abin da ya sami jam'iyyar nan ke nan. A 2010 Cameron ya yi alkawarin rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar zuwa ƙasa da 100,000 a shekara. A 2023, a hannunsu, adadin ya haura 900,000. Sun fito da shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, gwamnatin da ta gaje su ta ce ya lashe fam miliyan 700, kuma mutum 4 ne kawai suka tafi, su ma da ƙashin kansu. Boris Johnson ya kulle mutane a gida lokacin korona, sai ga 'yan sanda sun ci shi tara a 2022 saboda karya dokar da shi ya kafa. Liz Truss ta zo da ƙaramin kasafinta a Satumbar 2022, darajar fam ta zube, kuɗin ruwan bashin gida ya tashi, cikin kwana 49 ta yi waje, a 2024 kuma ko mazaɓarta ba ta iya riƙewa ba. Firayim Minista biyar a shekara 14! Ga masu jiran magani a asibitocin gwamnati na Ingila, jerin ya haura miliyan 7. Mai karatu, a cikin duk waɗannan, ina laifin rashin tsanani? Alkawari ne aka yi ba a cika ba, aiki ne aka ba su suka kasa.

Na san abin da za su ce: ai damuwar jama'a kan baƙi gaskiya ce. Ban musa ba, kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta. Amma mutumin da ya yi maka alkawari sau huɗu ya saɓa, in ya ɗaga murya a karo na biyar, me ya canja? Kuma idan maƙwabcinka a layi yana sayar da kaya na asali, kai ka kawo jabunsa, wa zai tsaya a shagonka? Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas kuma aka zaɓe ta shugabar jam'iyyar a Nuwamban 2024, ta sanar a Oktoban 2025 cewa za su fitar da ƙasar daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Duk da haka a Janairun 2026 Robert Jenrick, wanda ya kara da ita a takarar shugabancin, ya koma Reform, Suella Braverman ma ta bi shi. Ashe kayan aro ba ya rufe katara.

Abin takaicin shi ne sun taɓa bin wannan hanya. Bayan Tony Blair ya kayar da su a 1997 sun rage da kujeru 165. William Hague ya shiga zaɓen 2001 da kirarin ceto fam daga kuɗin Turai, kujera ɗaya tak suka ƙara. Michael Howard ya shiga na 2005 da batun baƙi, suka tsaya a 198. Sai da Cameron ya karɓi jam'iyyar a ƙarshen 2005 ya koma maganar asibiti da makaranta da aljihun talaka, sannan suka koma mulki a 2010. Shekara 13 a waje, kuma yanzu wasu suna son a sake karanta darasin daga farko.

Hanyar da ta rage musu ba ta da daɗi amma a fili take. Su fito su lissafa abin da suka ɓata da sunansa, har da kasafin Truss, ba tare da kwana-kwana ba. Su daina alkawarin abin da ba su lissafa kuɗinsa ba. Su yi wa matasa maganar gida, domin saurayin da ba shi da begen mallakar ɗaki ba shi da abin da zai riƙe, balle ya zama ɗan ra'ayin riƙau. Sannan su yi haƙuri, don amana a kwana ɗaya take zubewa amma kwasarta sai an shekara ana yi.

Su kuma sani cewa Farage ba abokin ciniki yake nema ba, shagon yake so gaba ɗaya. Jam'iyyar da ta kusa shekara 200 tana siyasa, in har ta zaɓi ta zama 'yar amshin shatan Reform, to kada ta zargi kowa ranar da aka sauke allon sunanta aka kafa na wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.