Raddi ga Masu Raba Koyar da Addini da Hidimar Marasa Galihu a Cirozerin

Akwai ra'ayin da ke cewa Ikkilisiyar Katolika a jihar Agadas ta saki aikinta na koyar da addini ta koma ƙungiyar agaji. Masu wannan ra'ayi kan kafa misali da mishan ɗin Cirozerin, inda makaranta da gidan likita suka fi ɗakin ibada cika.

Hujjarsu ta farko ita ce yawancin masu amfana Abzinawa ne Musulmi, ba sa karɓar baftisma, don haka wahala ce ba riba. Wannan awo ne da mudun da Ikkilisiya da kanta ta ajiye. Babban Taron Vatikan na Biyu, a takardarsa Ad Gentes ta 1965, ya haramta tilasta wa mutum shiga addini ko jawo shi da dabarar da ba ta dace ba, kuma Nostra Aetate ta wannan shekarar ta umarci a girmama Musulmi. Da a ce magani da allon makaranta tarkon baftisma ne, da mishan ɗin ya saɓa wa koyarwar da ake zarginsa da sakinta. Tun zamanin Fada Jean Ploussard, wanda ya zauna cikin makiyayan Ayar ya rasu a 1962, aka san wurin da karantar da 'ya'yan makiyaya.

Sai kuma batun cewa Kiristoci kaɗan ne, gara a tattara ƙarfi a kansu. Su wane ne Kiristocin? Galibinsu baƙi ne daga kudu da ƙasashen maƙwabta, waɗanda aikin kwal na SONICHAR a Anu Araren da haƙar yuraniyom na SOMAIR da COMINAK suka kawo. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Mai ba da baiko jiya na iya zama mai neman taimako yau, don haka iyakar da ake son shatawa tsakanin ɗan coci da mabukaci ba ta tsayuwa a garin ma'adinai.

Hujjar da ta fi nauyi ta shafi 'yan ci-rani, musamman waɗanda Aljeriya ke korowa ta Assamaka su biyo ta Arlit. Gaskiya ne katikizim, wato darasin addini, na shekaru bai dace da wanda zai yi mako guda ya wuce ba. Sai dai Jagoran Katikizim da Vatikan ta fitar a 2020 ya keɓe sassa ga 'yan ci-rani, naƙasassu, fursunoni da waɗanda al'umma ta ware, yana ɗaukar su a matsayin masu ba da gudummawa, ba masu karɓa kawai ba. Abin da ya rage wa dayosis ɗin Maraɗi, wanda Agadas ke ƙarƙashinsa tun 2001, shi ne gyara tsari: gajerun darussa, cikin harshen da baƙon yake ji, a lokacin da yake da sarari.